Albasar Malami a Saman Silin

Shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato mutane da yawa sun yi murna, amma ban san wanda murnar ta taɓa wa hankali kamar Malami mai albasa ba. Mutumin Aliero ne, manomi ɗan manomi, kuma abin da ya mallaka a duniya wanda za a iya nunawa da yatsa shi ne fadamar da ya gada wurin ubansa. A gaskiya in Malami ya duƙa a kan albasa babu na biyunsa a garin. Matsalar tana farawa ne in ya miƙe ya buɗe baki.

Ya taɓa kai kaya Kaduna ya kwana biyu, ya ga wani mai gidan haya zaune a kujera yana sakace, ana kawo masa kuɗi yana turawa aljihu. Tun daga ranar nan zuciyarsa ta ƙi zama. Da jiha ta zo kuwa, sai ya mai da teburin mai shayi makaranta, shi ne malami, shi ne littafin.

"Ku saurara in ba ku karatu kyauta," in ji shi. "Ma'aikata za su kwararo jihag ga, kowa da akwatinai, ba wurin kwana. Mai hankali gida shika saye yanzu, ya gyara, ya zuba 'yan haya, ya miƙe ƙahwa. Albasa ruɓewa takai. Kun taɓa jin gida ya ruɓe?"

Mai shayi ya ce, "To kai gida nawa ag gare ka?"

"Bakwai."

"Bakwai! Ina suke?"

"Shida suna nan tahe. Na hwarin ma gobe za ni Jega in duba shi."

Washegari ya tafi Jega ɗin. A can ya sami labarin wani ofishin gwamnati yana neman gidan da zai kama wa ma'aikatansa haya, kuma kuɗin shekara biyu ake biya a dunƙule. Jami'in da ke duba gidajen sunansa Shadrach, baƙo ne da aiki ya kawo shi, mutum mai fararen kaya da haƙuri. Ya karanta wa Malami sharuɗɗan: rufin kwano, silin, daɓen siminti, taga a kowane ɗaki, famfo, lantarki, da makewayi mai ƙofa. Ya ce shi da kansa zai zo ya duba kafin a sa hannu.

"Dut wanga abu ƙarami na, Yallaɓai," in ji Malami. "Gidana har ya wuce haka."

"Yana wace unguwa?"

"Za ka ji."

Daga nan ya zarce banki neman rance, da kwandon albasa a kai don gaisuwa. Manaja ya tambaye shi abin da zai ajiye, ya ce fadama. Aka ce ya kawo takardar mallaka.

"Takarda? Ka tahi Aliero ka tambayi ko akuya, ta san hwadamar ubana ta."

Manaja ya ce, "Malam, banki ba ya karɓar shedar akuya."

Malami ya sunkuci kwandonsa ya fito, yana gaya wa mai gadi cewa shi ne ya ƙi su, don ya lura bankin ba shi da isassun kuɗi.

Da ya koma gida ya shaida wa matarsa Hindu cewa zai jinginar da fadama, sai ta ajiye muciya ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Maigida, hwadamag ga ita muka ci, ita muka sha. Kai da ko bukka ba ka taɓa ginawa ba?"

"Ke, manyan masu gidaje ba su gini. Umurni suka badawa."

"To ka umurci gidan ya zo, ka bar muna hwadama."

Bai saurare ta ba. Ya hau mota sai Andarai ta ƙasar Maiyama, wurin Alhaji Isiyaku, wani mai sayen hatsi wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan fadamar nan. Isiyaku bai nemi takarda ba, shaidu kawai ya kira. Ya ba shi naira dubu goma sha biyar, da sharaɗin in lokacin dashen albasa ya zo bayan damina bai biya ba, fadama ta zama tasa har abada. Malami ya yi dariya har da buga cinya. Kuɗin haya kaɗai sun isa su biya, ga kuma albasarsa ta bana buhu arba'in a rudu, tana jiran damina ta yi tsada. Rudu kuwa ita ce rumfar nan ta kara da ciyawa da ake ɗagawa bisa itace, iska na shiga ta ko'ina, albasa ta yi watanni ba ta lalace ba.

Wani dillali ya kai shi wani gidan ƙasa a bakin garin Jega, kan hanyar Jandutsi, ya ce ɗaki huɗu ne. Ya ce su shiga ya gani da idonsa.

"Talaka ka leƙa ɗaki kahin ya saye," in ji Malami. "Ni daga waje nika gane gida, awa yadda nika gane albasa daga lawashi. Nawa?"

Ya biya a tsaye, bai ko yi tayi ba. Sai bayan dillali ya ɓace ya tura ƙofa. Ɗaki uku ya samu, na huɗun ashe inuwar dogonyaro ce aka ƙirga. Masu hayar da suka tashi jakuna ne, kuma sun bar shaida a ko'ina. Gara ta cinye azara har abin da ya rage siffarta ce kawai.

Wata tsohuwa maƙwabciya, Inna Gudiya, ta leƙo ta katanga. "Kai na sabon mai gidan? Sannu, ɗan nan. Allah ya ba ka haƙuri."

"Barka aka cewa, Inna."

"Na san abin da aka cewa."

Ya ɗauko wani dattijon magini mai suna Yaro, mutumin da ba ya dariya ba ya mamaki. Yaro ya zaga gidan sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa bango, ƙasa ta zubo masa a ƙafa.

"A rushe," in ji shi.

"A gyara," in ji Malami.

"Kuɗɗinka na."

Kwano da siminti suka lashe kuɗin cikin mako biyu. Aka shafa wa bangon ƙasa siminti siriri, aka yi masa farar ƙasa, daga nesa sai ka ce asibiti. Da aka zo fasa taga, ta ɗakin farko ta fita lafiya, ta biyu ta tsaga bango har ƙasa, ta uku kuwa Yaro na dukan farko rabin bangon ya bi gudumar waje. Malami ya tsaya ya dubi kafar, wadda raƙumi zai shige ba tare da ya sunkuya ba, ya ce a rataya labule, irin wannan tagar ake yayi a Kaduna.

Famfo bai ba shi wahala ba. Ya sayi kan famfo ya kafa a bango, ya jona tiyo ya fitar ta baya zuwa wata randa da aka ɗora a kan turmi. Lantarki ma haka: ya rataya ƙwai uku, ya ja waya ta taga ya ɗaure a reshen dogonyaro. Makewayi ya sami ƙofa mai kyau har da kwaɗo, ramin ne dai bai wuce gwiwa ba, don mai haƙa ya ce iyakar inda kuɗinsa suka kai ke nan.

Saura silin, kuma aljihu ya bushe ƙarƙaf. Kwalin silin ya samu bashi, amma katakon da zai riƙe shi ya gagara. Malami ya kwana biyu yana tunani, abin da bai saba ba, rana ta uku ya koma Aliero ya sa aka kwance rudunsa don a ɗebi itacen.

Hindu ta fito tana salati. "Albasar hwa? Ina za ka kai ta?"

"Nan ilimi ya shigo. Tsakanin kwano da silin akwai hili, ba mai haya, ba mai biya. Can za ni zuba ta. Gida guda, haya biyu: mutane ƙasa, albasa bisa."

"Ƙarƙashin kwano? Cikin bazarag ga? Kai da kanka ka hana a jingina buhu ga bango don kar ya yi gumi!"

"Wancan ilimin ƙauye na. Wanga rudun zamani na."

Abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan shi ne Malami ya sani. Ko yaron goye a Aliero ya san albasa iska take so. Amma mutum in ya riga ya faɗi magana a teburin mai shayi, sai ya gwammace ya yi gardama da rana.

Motar a-kori-kura ta yi sawu uku tsakanin Aliero da Jega. Unguwa ta fito kallo, ana hawa tsani da buhu ana juyewa a saman silin, har arba'in ɗin suka ƙare. Aka liƙe kafar da aka shigar da ita, aka shafe da farar ƙasa. Yaro ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a biya shi kuɗin aikinsa yau, kuma a waje.

Shadrach ya aiko cewa zai zo bayan mako uku. Ranar Jega kuwa a bazara ba ta wasa, kwano ya riƙa ɗaukar zafi tun hantsi har ka ji yana ƙara. Mako na farko gidan ya soma ƙamshin miya, masu wucewa suna tambaya ko biki ake. Mako na biyu ƙamshin ya juya, wani ruwa ja-ja ya fara tsattsafowa a silin. Malami ya sayi jan fenti ya shafe silin ɗin gaba ɗaya, ya ce fari ya tsufa. Mako na uku ƙudajen Jega suka yi ƙaura zuwa unguwar, silin ɗin falo ya sauko da ciki kamar akuya mai shirin haihuwa.

Inna Gudiya ta sake leƙowa, ta toshe hanci da gyale. "Ɗan nan, wa am mutu gidanka?"

"Warin sabon henti na, Inna. Daga waje anka kawo shi."

"To ka mai da musu. Kajina sun bar ƙwai."

Ya sami ƙaton itace ya tokare tsakiyar silin, ya naɗe shi da atamfa, ya rataya masa madubi. Ya sayi turaren wuta na naira goma ya banka a kowane ɗaki. Warin da turaren suka haɗu suka haifi wani abu na uku wanda ba shi da suna.

Mai hankali da ya lallaɓa an yi dubawar nan a ɓoye. Malami sai ya gayyaci mutanen teburin mai shayi tun daga Aliero, ya ɗauko maroƙi, ya aika wa Alhaji Isiyaku cewa ya zo ya ga inda kuɗinsa suka shiga. Hindu ma ta zo, ta ce ba za a ba ta labari ba, amma ta tsaya can bakin hanya. Malami ya sha babbar riga, ya ba Yaro naira biyu ya tsaya bayan gida wurin randa.

Shadrach ya sauko daga babur da takardarsa, fararen kayansa sun sha guga. Tun daga ƙofa ya ja baya taku ɗaya.

"Malam Malami, wannan warin fa?"

"Maƙwabta na, Yallaɓai. Za mu yi magana da su."

"Allah ya isa!" in ji Inna Gudiya daga katanga.

Aka shiga, jama'a suka biyo baya har falo ya cika. Shadrach ya murɗa famfo. Shiru. Malami ya yi gyaran murya da ƙarfi, famfo ya yi tari, ya tofo ruwa kamar cikin moɗa guda, da ɗan kwaɗo a ciki. Daga bayan bango aka ji muryar Yaro: "In ƙara, ko ya isa?"

"Injiniyan ruwa na," in ji Malami. "Kullum shina nan."

Shadrach ya rubuta wani abu. Ya danna makunnin lantarki, ba abin da ya faru.

"An ɗauke wuta, Yallaɓai."

Wannan ƙaryar kam ta kusa shiga, don Shadrach har ya gyaɗa kai ya yi tsaki irin na wanda ya saba. Sai Inna Gudiya, wadda ta zagayo ta tsaya a babbar tagar nan ta Kaduna, ta ce, "Tun da anka kahwa unguwag ga ba a kawo wuta ba, balle a ɗauke."

Shadrach ya bi waya da ido har reshen dogonyaro, ya sake rubutu. Zuwa lokacin idanun kowa sun kawo ruwa, maroƙi yana kirari yana share hawaye, Alhaji Isiyaku ya cusa hanci a hannun riga. Wani ɗigo ya faɗo a kan takardar Shadrach. Ya shinshina, ya ɗaga kai, ya ga cikin silin, sannan ya ga itacen da aka naɗe da atamfa.

"Wannan itacen me yake riƙewa?"

"Ba shi riƙon komi. Ado na."

"Malam, ni ina ganin shi ne ya tokare silin ɗin nan. In haka ne, ba zan sa mutane a ciki ba."

Mutanen Aliero suka fara gunaguni, mai shayi ya ƙyalƙyale da dariya. Dariyar nan ce ta ƙarasa Malami. Ya ji a ransa in ya yi shiru yau, ba shi ba sake buɗe baki a teburi.

"Ni za a gwada ma gini? Silin ga ko giwa ta hau ba shi motsi! Ku matsa ku gani."

Yaro ya leƙo ta taga ya ce, "Malami, bari." Shi ne karo na farko da aka ji ya ɗaga murya.

Malami ya tattare hannun riga, ya rungumi itacen, ya fizge shi gefe. Ya juyo ya buɗe hannuwa yana murmushi. Silin ya yi shiru kamar na ƙiftawar ido uku, har maroƙi ya ja numfashi zai fara.

Sai silin ya buɗe. Buhu arba'in na albasar da ta yi mako uku tana dahuwa a ƙarƙashin kwano suka sauko a lokaci guda, rabi ruwa rabi dusa, da itacen rudu da kwali da ɓeraye biyu. Masu tsaye kusa da ƙofa suka fita da gudu suna santsi, wasu suka bi ta babbar taga suka ture Inna Gudiya, ita kuma ta bi su da zagi har kakanni. Bangon da ya tsage ya ga ba amfanin tsayawa shi kaɗai, ya kwanta a hankali ta waje, ya fasa randar injiniya.

Da ƙura ta lafa, Shadrach na tsaye a tsakiyar falo, albasa ta kai masa ƙugu, fararen kayansa sun koma kalar miyar taushe. Bai yi faɗa ba. Ya share biro a kafaɗarsa, ya ja layi ɗaya dogo a kan takardar tun daga sama har ƙasa, ya ce don Allah wani ya jawo shi daga ciki.

Malami kuwa kansa kawai ake gani, hula ta tafi, ɓawon albasa ya zauna a madadinta. Duk da haka ya samu ya tofar da abin da ke bakinsa ya ce, "Yallaɓai, ka dai shaida kwanon bai zuba ba."

Jama'a suka fashe da dariya, har da masu kuka. Mutum biyu ne ba su yi ba. Hindu ta juya ta kama hanyar tasha. Alhaji Isiyaku ya duƙa ya ɗauki albasa guda, ya matsa ta ta tsiyaye ta tsakanin yatsunsa, ya goge hannu a bango, ya ce, "Allah ya kai mu dashe, Malami."

Allah kuwa ya kai su. Damina ta ƙarasa abin da ya rage na gidan, ba a sami mai sayen filin ba saboda wari, shaidu suka taru aka miƙa wa Isiyaku fadama. Malami ya daina zuwa teburin mai shayi. Wannan karon kam abin ya taɓa shi ƙwarai, ya rame, ya riƙa zama a zaure yana kallon ƙasa.

Ranar da aka fara dashe ya ce zai je kasuwa, amma ƙafarsa ta kai shi bakin fadama. Ya tsaya daga nesa yana kallon 'yan ƙwadagon da Isiyaku ya turo. Suna cusa irin da zurfi, suna matse shi wuri guda, kwamin da ake dashen a ciki ma a karkace. Ya daure, ya kau da kai, ya sake dubawa.

"Kai! Wa ak koya muku dashe? Haka aka binne gawa, ba albasa ba!"

Kafin su amsa ya tuɓe riga ya rataya a kan kara, ya faɗa cikin laka. Ya gyara kwami ɗaya don ya nuna musu, ya ga na kusa da shi ma ba daidai ba, ya gyara, ya wuce na gaba. Bai ɗago ba sai la'asar, kuma duk yinin nan bai faɗi kalma goma ba.

Da aka tashi, wakilin Isiyaku ya jera ma'aikata yana sallamarsu. Baƙo ne, bai san kowa ba. Ya zo kan Malami ya danƙa masa naira biyar, ya ce, "Kai tsoho hannunka na da kyau. Ka taɓa aiki hwadamag ga?"

Malami ya buɗe baki. Duk wanda ya san shi zai rantse jawabi na tafe. Sai ya rufe, ya ce, "Kaɗan."

A gida ya ajiye kuɗin a gefen tabarmar Hindu, bai dube ta ba. Ta ga lakar da ke ƙafarsa, ta gane ta, don shekara ashirin tana wanke irinta a kayansa. Ta kawo masa ruwa da tuwo, ta zauna har ya ci rabi.

"Gobe ma za ka?"

Ya daɗe yana juya loma a cikin miya.

"Ki tashe ni da wuri," in ji shi. "Mutanen ga ba su iya ban ruwa ba, kashe ta za su yi."